Sojan da Bai Amsa Gaisuwa Ba

Ranar kasuwar Tibiri, ga wani soja tsaye gaban wata tsohuwa mai nono. Siriri ne, yaro ɗanye, kakin ma ya yi mishi yawa. Tsohuwar ta dube shi, ta gaishe shi da Fillanci. Ya ji sarai, amma ya kau da kai, don abokan aikinshi na cikin mota suna kallo.

Sai ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Kai ɗan ruga, tambayi gwaggonka inda 'yan uwanku suka kai shanun mutane."

Shi ma sai ya taya su dariya, bawan Allah. Ina jin don a daina ce ma danginshi ɓarayi ya shiga soja, ga shi ba a daina ba.

Tsohuwar ta ja faifai ta rufe ƙwaryarta, ta ce mishi da Hausa, "Nono ya ƙare, soja."