Murfin Akwatin Ƙunshi

Ranar wata Laraba ce cikin watan Shawwal, a farkon shekarun 1950. Ina tsugune a ƙofar gidanmu da ke kan dutsen Nakkasa a Makka muna carabke da ƙawayena, sai na ji salatin Kaka daga ɗaki, irin salatin da ake yi idan an ga maciji. Na watsar da tsakuwoyin na ruga. Na tarar da ita zaune a kan buzu, ta ɗaga hannuwanta biyu sama kamar ba nata ba. A gabanta ga tiren yashin da take taimama da shi, a tsakiyarsa kuma ga abin da kyanwata ta binne, yatsun Kaka sun tono shi. Ita kuwa mai laifin tana kan taga tana lasar ƙafa, ko a jikinta.

Ƙunshi nake kiranta, domin fara ce tas, amma ƙafafunta ja-ja ne kamar an sa mata lalle. Na tsince ta tana 'yar mitsitsiya a bayan shagon mai burodi, na ƙunso ta a mayafina, na sha faɗa, aka bar mini ita. Makka garin kyanwoyi ne, kowane lungu da nasa, sai dai gidanmu a kan dutse zalla yake, babu ƙasar da za a tona ko cikin cokali. Kyanwa kuwa dole ta tona, ta yi, ta binne. Shi ya sa na samo wani tsohon daro da ya huje, na ajiye mata a kusurwar tsakar gida. Yashin daga kwari nake ɗebo shi, can inda ruwa ke tara shi in an yi ambaliya, in ɗora gwangwani a ka in hawo dutse ina haki. Wannan ƙari ne a kan aikina na kullum: shara, da kai niƙa, da wanke-wanke da ɗan ruwan da masu ruwa ke hawo mana da shi, wanda Inna, mahaifiyata, take auna shi kamar man shanu. In na dawo daga makarantar allo, kafin in ci abinci sai na kwashe daron da tsohon ludayi, na barbaɗa toka.

Ba zan yi wa daron nan shaidar zur ba, yana da nasa aibin. A buɗe yake, ƙudaje suna sonsa, in rana ta take kuma sai an kauce da hanci. Ƙunshi in ta zo binne abinta sai ta watso yashi har bakin murhu. Amma dai tana shiga, ba ta taɓa tsallake shi ta je wani wuri ba. Ranar Larabar nan Inna ce ta yi baƙi, ta ji kunyar warin, ta rufe daron da katakon wanki ta ɗora dutse. Ƙunshi ta zo ta zagaya, ba hanya, ta shiga ɗakin Kaka ta tarar da yashi mai laushi a inuwa, wanda ni da hannuna na tankaɗe shi da rariya. To, wa zai ga laifinta?

Kowa ya gani, ban da ni. Kaka, mahaifiyar Baba ce, matar da ta tako da ƙafarta daga Kano ta ratsa Sudan har ta iso nan, ba a musu da ita. A lokacin idonta ya dushe, ga wani ciwo da ya farfasa mata hannu, ruwa yana ƙara shi, har malam ya ce ta riƙa taimama. An kawo mata dutse mai santsi ta ce ita yashi ta saba da shi. Ranar ta yi kuka sosai, ba don ƙazantar kaɗai ba. Cewa take, wa ya san tun yaushe ake yi mata haka ba ta gani, wa ya san salla nawa ta yi da hannu mai najasa.

Baba ya dawo daga kasuwa, inda yake ɗinki, aka zayyana masa. Ya saurara, ya yanke hukunci irin nasa: "Abin ƙazanta rufe shi ake yi. Tun farko barin daron nan a buɗe shi ya koya mata rashin kunya." Na buɗe baki na ce ai rufewar ce ta jawo, kuma da za a ɗora faifai ɗaya a kan tiren Kaka, da magana ta ƙare. Wayyo ni! Kaka ta ce yashin sallarta ba tuwo ba ne da za a kife shi da faifai, kuma ita da ba ta gani ba za ta zauna laluben murfi sau biyar a yini saboda dabba ba. Baba ya ce da Larabci, "Halas, ya bint," wato ya isa, yarinya, sannan ya ƙara da cewa, "Ki ji da kyau. In kyanwar nan ta sake, ta bar gidan nan."

Washegari tela ya koma kafinta. Ya samo akwatin ganyen shayi, ya yanka ƙofa daidai kan kyanwa, ya yi masa murfi, ya buga fallen gwangwanin kananzir a sama wai don ya yi ƙarko. Maƙwabta suka zo kallo, wani ma ya ce ko a Jidda ba a yi wa bissa irin wannan gata ba, haka mutanen garin ke kiran kyanwa. Baba sai murmushi yake. Ni kuwa na sa hannuna ciki bayan azahar na fiddo shi da sauri. Wanda ya san zafin Makka ya san abin da gwangwani yake zama a rana. Warin da a da iska ke ɗauka, yanzu ya sami ɗaki ya zauna, yana dahuwa. Ƙunshi ta sa kai, ta yi atishawa, ta ja da baya, ta dube ni.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ja akwatin inuwa, Inna ta ce na kawo mata shi kusa da randa. Na tankaɗe yashinta kamar na Kaka. Na tura ta ciki da hannu, ta yakushe ni har jini. Daga baya na gane abu mai sauƙi: da zarar Baba ya sauka dutse sai in cire murfin in jingine, Ƙunshi ta shiga abinta lafiya lau, kafin magariba in mayar. Haka muka yi ta yi, na daina carabke, na daina zuwa gaɗa, ina gadin akwati kamar mai gadin dukiya. Sai wata rana Baba ya dawo da wuri ya ga murfinsa a jingine. Bai dake ni ba. Ƙusa ya ɗauko ya bubbuge murfin ta kowane gefe, ya ce in riƙa kwashewa ta ƙofar. Har yau in na tuna ƙarar gudumar nan sai raina ya ɓaci. Mutum mai hankali, mai iya yanka riga ta zauna wa kowa daidai, ya kasa duba abin da ke gabansa!

Na roƙi Inna ta sa baki, ta ce ba ta shiga tsakanin ɗa da uwa. Na saci faifai na rufe tiren Kaka a ɓoye, ta lalubo shi lokacin la'asar ta yi jifa da shi har tsakar gida. Abin da nake tsoro kuwa bai daɗe ba. Wata safiya ina makarantar allo, Ƙunshi ta gaji da riƙewa, ta sake komawa tiren Kaka. Da na dawo babu ita a kan taga, babu buhun gawayi da ke rataye a bango. Inna ta ce Baba ya sa ta a buhun ya kai ta Utaibiyya, wata unguwa mai nisa, ya sake ta kusa da mahauta, wai can ba za ta rasa abinci ba. Yarinya irina ba ta zuwa Utaibiyya ita kaɗai. Na tsaya a bakin dutse ina kira har muryata ta dushe.

Ba a yi nisa ba ɓeraye suka gane gidan ba mai tsaro. Suka huda buhun shinkafa, suka ci gefen rigar da Baba ya kawo gida zai ƙarasa. Rannan Kaka ta sa hannu a tirenta za ta yi taimamar azahar, sai ta tsaya, ta murza wani abu tsakanin yatsunta, ta kai hanci. Kashin ɓera ne, birjik. Na canza mata yashi, na tankaɗe, na ajiye a gabanta. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Binta, miƙo mini faifan nan." Na miƙa mata. Ta ɗora da hannunta, ya zauna daram, kuma daga ranar har ta rasu ba ta taɓa kuskuren gano shi ba. Na fita bayan gida, inda akwatin Baba yake yashe da ƙusoshinsa, na yi kukan da ya fi na ranar da aka tafi da ita.

Yanzu gidan namu babu shi, ina zaune a bene a unguwar Aziziyya wajen ɗana. Kwanaki jikata ta samo kyanwa, ta zo da akwatunan roba biyu na bayan gidanta, ɗaya mai rumfa da 'yar ƙofa, ɗaya a buɗe, ga yashin kanti mai ƙamshi a leda, tana tambayata wanne ya fi. Ita tana son mai rumfar, wai ya fi kyau a ido kuma ba wari. Na ce ta ajiye duka biyun ta ga wanda kyanwar za ta shiga, sannan ta rufe abin da take tsoron a ɓata mata. Ta yi dariya, ta ce Hajja ta cika ɗaukar abu da zafi. Ga sanyin na'ura, ga ruwa a famfo, ina za ta gane? Ni dai har yau in mota ta ratsa da ni Utaibiyya, ƙafafun kyanwoyi nake dubawa.