Aljanar Tafkin Kalmalo

Ina da shekara goma sha huɗu aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Illela. Akawu ne, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ka ce takardar ofis yake karantawa. Muka sauka a gidajen ma'aikata, can gefen gari. 'Yan matan unguwa suka laƙaba mini 'yar birni, ni kuma da girman kaina na ƙi kula su. Sai na koma wa littafin rubutu da biro.

Labarin wata aljana nake rubutawa, tsarata, mai zama a ƙarƙashin tafkin Kalmalo da ke kusa da garin. Sau ɗaya tak na taɓa ganin tafkin, amma hakan bai hana ni gina mata fada a ciki ba. Na ba ta gashi har gadon baya, na ba ta ikon ɓacewa da mayar da masunta duwatsu. A ganina ba a taɓa ƙago irinta ba.

Mai karanta mini ɗaya ce a duniya, wata yarinya daga Ƙonni, tsallaken iyaka, da ke rako innarta kasuwar Lahadi suna sayar da sabulu da turare. Ranar da muka haɗu an aike ni sayen sabulu ne, littafin yana hammatata, ta zare shi ba ko neman izini. A hankali take karatu, tana bi da yatsa, don Faransanci aka koya mata a makaranta. Da ta kai ƙarshe ta taɓe baki.

"Aljanarki ta cika iko," ta ce. "Dut abin da taka so samu takai. To mi za ya sa in damu da ita?"

Na ƙwace littafina na tafi, har sabulun na manta. Kwana uku ina cika ina batsewa. A na huɗu na zauna na rubuta cewa aljanar kan laɓe cikin ciyawar bakin ruwa tana kallon 'yan mata suna yi wa juna kitso, ita kuwa duk ikonta ba ta da mai tsaga mata ƙeya. Ban san daga ina abin ya fito mini ba. Yanzu kam na sani.

Lahadin da ta zagayo yarinyar ta karanta, ta ɗago ido.

"Yauwa, ƙawa! Yanzu ni san ta. Ba ni in tahi da shi gida."

Haka muka ɗora. Ta tafi da littafin cikin kwandon innarta, ta dawo da shi bayan mako da ƙorafi iri-iri. Ba ruwanta da faɗan aljanu. Inda aljanar ta ji kunya, ko ta yi ƙarya don a so ta, nan take tsayawa ta sake karantawa. Saboda ita nake tashi da murna ran Lahadi, kuma saboda ita kaɗai nake rubutu.

Sai aka rufe iyaka. Mahaifina ya faɗa mana yana wanke hannu zai ci tuwo.

"An rufe. Ba shiga, ba fita. Kada in ji an ce an ga ɗiyata tana neman mutanen ƙetare."

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mu gidanmu in takarda ta ce an rufe, to an rufe. Na je kasuwa sau biyu a ɓoye, na tarar da rumfarsu wayam, na daina zuwa.

Haka aka yi kusan shekara biyu. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, kuma da ya yi yawa sai ya koma fushi. Na cika littafi huɗu. Na mayar wa aljanar duk ikonta har da ƙari. Tana tashi sama ta ƙetare shingen sojoji, tana kifar da kwale-kwale don nishaɗi. Na sa ta aske gashin nan ƙwal, kowa ma ya riƙe kitsonsa.

Da aka buɗe, Lahadin farko na kwashi littattafan da gudu. Tana nan a rumfar, ta yi tsawo, ita ke kula da ciniki yanzu. Muka rungume juna. Na zauna a kan buhu ina kallon yatsanta yana bin layi. Ba ta gama na biyu ba ta rufe.

"Wagga ba ita ta ba. Wagga ba ta biɗar kowa."

"To ya kike so in yi? An rufe iyaka, ba ki nan."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Wa yar rufe daji? Kowace Lahadi muna garin ga, ta hanyar jakkai. Gidan gwaggona muka saida kaya, nan bayan kasuwa. Inna tac ce kar in kusanci gidan ma'aikacin gwamnati, sai in riƙa zama bakin zauren gwaggo ko za ki wuce. Kowa ya sani, ƙawa. Da kin tambayi ko mutum guda."

Wa zan tambaya? Tsakanin gidanmu da zauren nan bai fi tafiyar da ake aiken yaro sayen gishiri ba.

Wata mata ta tsaya tana taya turare. Ƙawata ta miƙo mini littattafan guda huɗu, ta juya ta hau ciniki. Na jira har matar ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi, ko za ta ce in bar mata ɗaya ta je da shi gida. Ba ta ce ba.