Yajin Jego Ya Tafi Jamus, Ni Na Dawo Kano

Talata, Kano

Ana kiran assalatu, biyar saura kwata, muka bar gida. 'Yata Rabi na Jamus da cikin fari, wata tara, kuma a gidanmu uwa ce ke yi wa mai jego wanka. Na ƙulla yajin daddawa da kanwa. Ɗana Sanusi, mai aikin jigilar kaya a Dubai, shi ya ce, "Inna, ki zo nan, bizar Turai ta fi saurin fitowa." Muka tashi da azahar, muka yada zango a Habasha, asubahin Laraba muka sauka.

Laraba, unguwar Al Qusais, Dubai

Gida hawa shida. Maƙwabciyar Sanusi, Madam Lin, 'yar Taiwan mai sayar da kayan keken ɗinki, ta kawo mini shayi ba sukari ba madara. Na shanye don kunya.

Alhamis, ofishin biza

Ƙarfe tara muka shiga layi, sha ɗaya da rabi aka kira mu. Yarinyar da ke karɓar takardu ba ta ko ɗaga kai ba. Sanusi ya fassara: ni baƙuwa ce a nan, sai na koma ƙasata na nema. Khalas, wai shi ke nan.

"Kai, da gemunka ba ka tambaya ba?"

"Wallahi Inna, wani ne ya ce mini..."

"Wani! Wanin ne zai dama wa ƙanwarka kunu?"

Da la'asar muka tarar da Madam Lin tana shirya akwati. Jamus za ta, jibi.

"Yaushe ta nemi tata bizar?"

"Ba ta nema ba, Inna. Su har kwana casa'in suke yi ba biza, in dai ziyara ce, ba aiki ba."

Na ce ta nuna mini fasfonta. Jama'a, kore ne shar, kamar nawa! Na jera su a kan tebur.

"To ai iri ɗaya ne. Yanko mini tikiti."

"Inna, ba launi ake dubawa ba. Ƙasa ake dubawa."

Ni ma ba aiki zan je nema ba. Kwana arba'in nake so, in dafa ruwa, in gasa 'yata, in dawo. Ita da ba ta da kowa can an buɗe mata ƙofa, ni da jinina ke can an ce in koma baya.

Asabar, filin jirgi

Na danƙa wa Madam Lin ƙullin yajin ta kai wa Rabi, raina na tafasa. Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna. Litinin Rabi ta sauka, an samu mace. Hoto ya zo a waya: jikata a hannun Madam Lin, ƙullina a gefen gado.

Laraba, gida

La'asar sakaliya na shigo Kano. Na gode wa Allah da ya raba su lafiya. Na gode wa baiwar Allahn nan 'yar Taiwan. Sanusi kuwa, har yau ban amsa gaisuwarsa ba.