Zaren Malam Jumare

A shekarar 1983 Dogara ya san Malam Jumare baduku, ranar da ya kai masa gyaran takalmi a rumfarsa ta Ƙofar Kuyambana. Dogara a makarantar mishan ya yi karatu, ya shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa kafin ya yi ritaya. Jumare kuwa ba mata, ba ɗa, daga ɗakinsa sai rumfa.

Yana cikin ɗinki ya ce, "Ticha, an ce ku kun san nisan ko'ina. Daga nan zuwa Hartum fa?"

Ƙanensa Ƙasimu ne a can. Tun 1952 ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi zamansa. Wata goma sha takwas suka yi a hanya, kuma a wurin Jumare nisan Hartum ke nan har gobe.

Washegari Dogara ya zo da tsohon littafinsa na taswira, bango ya fita, shafuka suna zubewa. Ya yanki zare a rumfar, ya miƙa shi daga Kano, inda jirgi ke tashi, zuwa Hartum, ya gwada a ma'aunin da ke ƙasan shafin.

"Mil dubu ɗaya da ɗari shida da 'yan kai. A jirgin sama awa huɗu, ƙila ma bai kai ba."

Jumare ya ajiye basilla. "Wato in na tashi bayan azahar..."

"Tare za ku yi isha."

Jumare ya ce, "Shekara talatin da ɗaya. Ashe tsakanin azahar ne da isha." Ya karɓi zaren ya sa a aljihu.

Bai je ba. Fasfo da tikiti sun fi ƙarfin mai gyaran takalmi. Amma tun daga ranar Hartum ta matso masa kusa, sai ya koma rubuta wasiƙa duk wata da ajami. Dogara ke rubuta adireshin da boko, ya kai gidan waya a kan kekensa. Shekara goma sha biyu suna haka, amsa uku suka samu. In Jumare ya miƙo masa goro, sai Dogara ya ce, "Haba Malam, layi huɗu ne fa."

Duk shekara kuma Jumare yakan ɗinka wa Ƙasimu takalmi, ya auna da ƙafarsa, ya rataye a bango yana jiran matafiyi.

A 1995 wasiƙa ta zo daga wani maƙwabcin Ƙasimu, cewa Allah ya yi masa rasuwa. Jumare ya karanta, ya miƙa wa Dogara ambulan.

"Duba hatimin, Ticha. Kwana nawa ta yi a hanya?"

Dogara ya so ya rage, amma bai saba ba. "Wata biyar."

"To, sau biyar na gaishe shi yana kabari."

Ranar ya nemi aron littafin taswira, Dogara ya ba shi bai tambayi dalili ba. Kafin damina ta fita Jumare ya bi ƙanensa.

Bayan sadakar bakwai, Iya Hajo, maƙwabciyarsa, ta kawo wa Dogara wani ƙunshi da aka samu a ƙarƙashin matashin Jumare. Littafin ne. An ɗinke kowane shafi, an yi masa bango da jar fatar akuya. Dogara ya buɗe shafin Afirka, ya tarar da zaren nan a ciki, ya yi baƙi saboda taɓawa.