Na Ɗauka Wasan Fulani da Barebari Ne

A lokacin ina gabatar da shirin manoma a wani ƙaramin gidan rediyo a Zango, ina ji da kaina sosai, don ko ɗan kabu-kabu ya ɗauko ni sai ya gane muryata. Ni Babarbare ne, shugabarmu kuma Bafillatana, kun san abin da ke tsakaninmu. Kullum muka haɗu sai ta ce bakina injin niƙa ne, ba na barin manomi ya kai aya. Ni kuma in ce mata wanda ya saba da shanu ina zai gane maganar mutane. A yi dariya a watse.

Da ƙarshen shekara ya zo, aka kira kowa zaman auna aiki, inda ake yanke wa za a sabunta wa kwantara. Na shiga bironta, wato ofishinta, da tsokanata a baki. Ba ta yi dariya ba. Ta ce yau babu Fulani babu Barebari, kuma ana shawarar miƙa shirina ga wani. Wallahi ga iyali, ga ba ni da wata sana'a. Na ce ai ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce shekara guda tana faɗa, ina ramawa.

Sai ta kunna mini wani tsohon shiri. Wani dattijo ya kira daga ƙauye yana bayanin tsutsar da ke cin geronsa, na katse shi, na ba shi maganin abin da bai tambaya ba, na yi masa sallama. Kunya ta rufe ni. Ita ma ta amsa nata laifin, ta ce ta fake da wasa ne don ya fi sauƙin faɗa. Ta ba ni damina guda in gyara, bayan kowane shiri mu zauna ta nuna mini inda na yi karambani.

Alhamdu lillahi, shirin yana hannuna har yau, kuma dattijon nan ya sake kira, na bar shi ya gama. Shawarata ga shugabanni, gyaran da abincin mutum ya rataya a kansa a rufe ƙofa a faɗa masa ɓaro-ɓaro. Ku kuma ma'aikata, in tsokana ɗaya ta yi ta dawowa, ku daina ramawa ku tambaya. Har gobe tana ce mini injin niƙa, amma yanzu sai na tsaya na tambaye ta ko da gaske take.