Bututun Ruwan Zafi na Yaya Maharazu

Yayana Maharazu shi kaɗai ne a duk faɗin Daura yake da takardar shaidar ya iya ɗumama gari. Ba ɗaki nake nufi ba, gari sukutum. Takardar tana nan rataye a zaurensa cikin gilashi, da wani irin rubutu da ba mai iya karantawa a unguwarmu, har shi mai ita. Kuma fa a Daura, inda a watan Afrilu kaza ke buɗe baki tana haki a gindin randa. Ni ce ƙanwarsa Shatu, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ina da hurumin faɗin abin da wasu ke faɗi sai ya ba da baya.

Walda ya fara koya wurin wani mai haɗa ƙofofi a bakin tasha, daga nan ya shiga soja, aka sa shi ɓangaren injiniyoyi. Shekara ashirin yana sanye da kaki, ban taɓa jin ya harbi ko kurciya ba. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu aka tura su kiyaye zaman lafiya wata ƙasar Turawa da yaƙi ya gama ragargazawa. Can ya ga abin da ya hana mu sakat har yau. Wai gari guda tukunya ɗaya gare shi, ƙatuwa kamar gidan sama, ana tafasa ruwa a ciki, ruwan ya bi bututai ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga kowane gida ya kori sanyi. Bama-bamai sun farfasa bututan, tsofaffi suna mutuwa a kan gadajensu lulluɓe da barguna. Aikinsu shi ne su tone tsofaffin bututai masu tsatsa, su shimfiɗa sababbi masu riga don kada zafin ya tsere a hanya, sannan su ɗaura bawul a ƙofar kowane gida yadda za a iya ƙara zafi ko a rage. Sanyi biyu ya yi yana durƙushe cikin rami da dusar ƙanƙara. Yatsun ƙafarsa biyu har yanzu ko an taka su ba ya ji.

Yana can yana ɗumama gidajen mutanen da bai san sunansu ba, matarsa Rabi ta haihu a nan. Kwana ashirin da uku tana wankan jego ta kumbura, numfashi ya gagare ta, ta rasu. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaza, kuma tafasasshen ruwa safe da yamma da kunun kanwa su suka ƙarasa ta. Mu kuma muka ce kwana ne ya ƙare. Wasiƙa ba ta isa hannunsa ba sai bayan an yi sadakar arba'in.

Ya dawo da fansho da takardarsa da wani ma'aunin zafi mai kama da agogo. Bai taɓa tayar da zancen Rabi ba, amma zancen bututu kam sai wanda ya gudu. A majalisa, a wurin ɗaurin aure, har a zaman makoki, da ka zauna kusa da shi zai ɗauki tsinke ya fara zana maka gari a ƙasa. Aka laƙaba masa Injiniyan Zafi. Ya taɓa ɗaukar zanensa ya kai wani ofis, ya samu wani babba yana fifita da fayil saboda an ɗauke wuta. Mutumin ya saurare shi tsaf, sannan ya ce ranar da ya ƙirƙiro bututun da ke kawo sanyi ya dawo, ko a hanya ya tare shi. Yaya ya dawo yana cewa an karɓe shi hannu bibbiyu, ana nazari.

Da haka za a ci gaba har tsufa ya rufe masa baki, sai Madina ta samu ciki.

Madina ita ce 'yarsa ta fari, wadda Rabi ta haifa masa. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. "Yarinyar nan" ce, ko "waccan". Idan tana tsakar gida ya shigo, sai ya tsura wa bango ido kamar an rubuta masa wani abu a jiki. Ranar da aka kai ta Mai'adua gidan mijinta Sada, mai fataucin awaki ta kan iyakar Kongolam, Yaya kasuwa ya tafi sayen ƙusa. Mutane suka yi ta yaba masa, wai ya san kunya.

Cikin yana wata bakwai aka dawo da ita gida haihuwa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ƙafafunta sun yi suntum. Ni na kai ta asibiti, malamar da ta duba ta ta ja ni gefe ta ce jininta ya hau, idan ta sauka kada a kuskura a yi mata wanka da tafasasshen ruwa, mai ɗumi kawai, kanwa kuwa kada ta ko sansana. Na dawo na faɗa wa Yaya a zaure. Ya daina goge takalmin da yake gogewa.

Matsalar ita ce mai wankan. Gwaggo Hadijatu, ƙanwar babanmu, ita ta wanke rabin matan unguwar nan, ni ma ita ta wanke ni sau biyar, kuma ita ta wanke Rabi. A wurinta babu abin da ke kashe mai jego sai sanyi, kuma ma'auninta ɗaya ne: idan an tsoma ganyen darbejiya an fyaɗa wa mace ba ta yi ƙara ba, ruwa bai yi ba. Ba mugunta ce ba, so ne, irin wanda ke barin tabo a baya. Wa zai je ya ce mata hannunta ne ya yi sanadin matar ɗanta? Ni dai ban iya ba. Bakina da ake tsoro a unguwa, a gaban Gwaggo ɗinkewa yake yi.

Wani uban da ya kira 'yarsa da gwaggonsa ya yi magana ta minti biyu. Amma namu injiniya ne. Washegari ya nufi gidan burodin Kabiru da ke bakin layinmu, ya daɗe yana kallon hayaƙin da ke fita ta sama, ya ce wannan zafin asara ake yi da shi. Ya lanƙwasa bututu ya zagaya da shi cikin murhun gashin, ya ɗora tanki a kan ƙarafa, ya ce daga yau masu jegon unguwa sun huta da sayen itace. Gida bakwai ya zaɓa. Namu ya sa na shida a layi, don kada wani ya ce saboda 'yarsa ya yi.

Wata biyu unguwa ta koma kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya tone lungu, ya naɗe bututai da tsummokara da buhunan algarara, ya shafe da laka, wai rigarsu ke nan. Jakin wani mai itace ya faɗa rami, mai shi ya ce dama da gayya ne, ana son a kashe masa sana'a. Mai unguwa ya kira Yaya ya tuna masa cewa yanzu zamanin Shari'a ne, ƙato ba ya kutsawa gidan matan aure da sunan aiki. Yaya ya ji daɗin wannan doka fiye da wanda ya kafa ta. Sai ya riƙa huda katanga daga waje ya zura bututu, maigida ya ja daga ciki. Shi ya sa a wani gidan famfon ya fito a turken awaki, a wani kuma a bayan rumbu, sai an yi rarrafe ake kai wa gare shi. Mutumin da ya tsara wa mata bakwai wurin wanka bai taɓa ganin yadda ake wankan ba, kuma da ya tambayi mace gara ya haɗiye garwashi.

Ran da aka buɗe, ruwa ya zo, ban ƙi gaskiya ba. Ya tsaya a gindin tanki da ma'auninsa, yana murɗa bawul kaɗan-kaɗan har allurar ta tsaya inda yake so, ɗumi mai daɗi irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Ya ɗaure bawul ɗin da waya ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Talatu matar maƙwabcinmu ita ta fara haihuwa, ita ta fara amfana. Cikin mako guda tulin itacen da ke ƙofar gidansu, wanda da sai ya ƙare a kwana huɗu, ko rabi bai yi ba. Yaya yakan wuce ya ƙirga da ido, ya gyara hula. Tsofaffin unguwa suka aiko masa da godiya da ƙwaryar fura, suna ta sa masa albarka.

Dole su sa masa albarka. Da can sai an tashi da duhu-duhu an hura wuta, a yi ta jiran duro ya tafasa. Yanzu ruwa na zuwa ya riga ya yi rabin tafiya, sai a tara, a ɗora a murhu, kafin ka ce me ya fara tafarfasa. Abin da Yaya ya ƙera da fanshonsa da guminsa shi ne hanyar da za a ƙona mace da wuri kuma da araha. Duk matan layin sun sani. Ni ma na sani. Ba wadda ta ga dalilin faɗa wa namiji.

Madina ta haifi namiji, aka yi suna, Sada ya kawo rago da kayan ƙauri ya koma. Gwaggo ta ɗaura ɗamara ta kama aikinta. Kullum ina jin ƙarar yarinyar nan daga bayan ɗaki, ina kama wani aiki da bai kamata a yi a lokacin ba. Na ce wa Gwaggo sau ɗaya ko za a ɗan sirka, ta dube ni ta tambaye ni nawa na wanke. Kunun kanwa kuwa nakan faki ido in zubar da rabi, iyakar jarumtata ke nan. A kwana na goma sha biyu na shiga da hantsi na tarar da Madina a zaune ta jingina da bango, ta ce idan ta kwanta numfashinta yankewa yake yi. Fuskarta ta cika. Na taɓa ganin wannan fuskar a jikin Rabi, kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Na fita zaure. Yana zaune yana shafa wa wani bawul mai. Na faɗa masa komai, ban tauna ba, har da inda ruwansa ke zuwa bayan ya bar famfo. Na ce ya ɗumama garin Turawa, ya tone unguwa, ya huda katanga bakwai, duk don kada ya taka ƙafa goma ya buɗe baki. Na haɗa da kaina a zagin, domin na cancanta. Ya dubi hannunsa mai baƙin mai. Sai ya miƙe, ya yi sallama a gidansa kamar baƙo, ya shige.

Gwaggo ta riga ta juye ruwa a babban baho, tururi na tashi, ganye na yawo a sama. Ta ɗago ta gan shi.

"Lafiya, Maharazu? Namiji a wurin masu jego?"

Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba. Sannan ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa a cikin bahon har gwiwa, ya bar shi. Hannun da ya shekara talatin yana shan tartsatsin walda. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Da ya zaro shi ya yi jawur, fatar wuyan hannun ta fara tashi. Ya ɗaga shi inda Gwaggo za ta gani.

"Gwaggo, ki yafe mini. Ni ƙato ban jure ba. Ba za a ƙara zuba mata wannan ba."

Gwaggo ta fara cewa sanyi zai shige ta, ita ba za ta ɗauki alhaki ba. Ya juya ya fuskanci ƙofar ɗakin, wannan karon bai nemi bango ba.

"Madina," ya ce.

Ya sake kira. Sai a na uku ta amsa, can ƙasa-ƙasa. Daga baya ta ce mini ta ji tun na farko, ta ɗauka wani baƙo ne, don ba ta san yadda sunanta yake a bakinsa ba.

"Sa mayafinki, asibiti za mu. Lokacin uwarki ba na nan. Ke kam ina nan."

Kwana tara ta yi a kwance ana cire mata ruwa a jiki. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da wani zancen ake. Ta ƙarasa arba'in da ruwan famfon yadda ya fito, ba a ɗora shi a wuta ba. Gwaggo ta kwashe kayanta ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarsa, tana jiran ranar da sanyi zai kayar da yarinyar, ranar ba ta zo ba. Majalisa ta daɗe tana zancen mutumin da ya zubar da kunya ya kira 'yar fari da suna a gaban mata.

Bututun bai kai shekara uku ba. Kabiru ya koma sayar da siminti, aka sace tankin, sauran gidajen suka koma itacensu kamar ba a yi ba. Madina 'ya'yanta huɗu yanzu. Duk ranar kasuwar Mai'adua Yaya yakan hau babur ya je, ba ya sayen komai, ya tsaya a ƙofar gidanta ya ƙwala mata kira da sunanta har maƙwabta su ji, ta fito ta ce ya rage murya.