Belarmino Mai Yanka na Bagé

Belarmino Quadros mahauci ne a wurin busar da naman shanu kusa da garin Bagé. Da yaƙin basasar 1893 ya ɓarke a jiharsu ta Rio Grande, mayaƙan gwamnati suka tafi da shi, domin harsashi ya yi ƙaranci kuma shi ya iya wuƙa.

Wata rana suka tara fursunoni a shingen shanu, kyaftin ɗinsu ya ce wa Belarmino ya yanka su. Ya yanka goma sha ɗaya, jini har gwiwar hannunsa. Na sha biyu Tibúrcio ne, maƙwabcinsa.

"Wuƙar da kaifi kuwa?" in ji Tibúrcio. "Na san ƙyuyarka wajen wasa ta."

"Da kaifi, ɗan'uwa. Ɗaga kanka."

Ya ɗaga, Belarmino ya gama da shi nan take.

Bayan yaƙi ya je ya faɗa wa matar Tibúrcio da bakinsa cewa shi ya yanka mijinta. Ta zabura da almakashin sausayar tumaki ta tsiyaye masa ido ɗaya, bai ko kare fuskarsa ba. Shekara talatin ya ƙara a duniya, yana kiwon shanunta, ba ta taɓa amsa gaisuwarsa ba.